Wahalar karatu ba daƙiƙanci ba ce

Idan yaro ya kai aji uku yana ta tuntuɓe a kan kalmomi, sai a yi saurin cewa ƙwaƙwalwarsa ce ba ta ja, ko lalaci ne. Sau da yawa ba haka ba ne. Tun 1896 wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin yaro ɗan shekara 14, mai kaifin basira, gwanin lissafi, amma karatu ya gagare shi.

Matsalar, wadda ake kira disleksiya, galibi tana wajen rarrabe sautukan magana. Ce wa yaro ya faɗi "tabarma", sannan ya cire "ta". Wani nan take zai ce "barma". Wani kuwa sai ya tsaya yana zare ido, alhali kunnensa lafiya lau. Shi ne zai sha wuya wajen haɗa harafi da sautinsa, kafin ya kai ƙarshen kalma ma farkonta ya kuɓuce masa. Wasu kuma sun san haruffan sarai, saurin kiran sunansu ne babu.

Rikita b da d fa? Yawancin masu fara koyo suna yi, ba ciwon ido ba ne. Bulala ba ta gyara ko ɗaya. Abin da ke taimakawa shi ne koyar da sauti da harafi dalla-dalla, da wuri, ana maimaitawa.