'Yan siyasa suna zuwa Umara muna yi musu layi, sannan mu ce mun yi da-na-sani

Duk wanda yake zaune a Makka ko Jidda, iyalinsa suna Najeriya, ya san irin saƙon muryar da nake nufi. Bayan isha'i yake shigowa. A gaishe ka, a tambayi aiki, sai a ce "wallahi Yaya mun yi da-na-sanin zaɓen mutanen nan," a lissafo maka kuɗin mudun masara da na maganin Inna, a rufe da "in da hali a taimaka." Roƙon ba ya ɓata mini rai. Mahaifiyata ce da ƙannena, in ban ba su ba wa zan ba? Abin da yake ƙona mini zuciya shi ne an yi wannan kukan kafin zaɓen 2019, an yi shi kafin na 2023, ga shi ana yi yanzu, kuma mutanen da ake kukan a kansu su ne dai a kan kujera har yau. Wanda ya gama gwamna ya koma majalisar dattawa, wanda ya faɗi zaɓe an ba shi minista, wanda jam'iyyarsa ta yi baƙin jini ya sauya hula ya dawo da sabuwar waƙa. Ba wanda aka tsare aka ce zo ka yi mana bayani.

A 2015 murnar cin zaɓen Buhari da aka yi a Masfala da Shara Mansur ba ta gaza ta Kano ba. Mu ba ma jefa ƙuri'a daga nan, amma an ƙone kati ana kiran gida ana cewa a yi "sak", daga sama har ƙasa, kada a tsaya duban fuska. A cikin wannan sak ɗin mutanen da ko kansila ba za su iya ci da sunansu ba suka shige majalisa. Litar mai tana naira 87 lokacin, a 2016 ta koma 145, aka ce a yi haƙuri gyara ake yi. A watan Agustan 2019 aka rufe iyakoki, shinkafa ta gagari talaka, aka ce a ƙara haƙuri. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, watanni biyu da 'yan kwanaki aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato, kuma mu da muke nesa mun ɗanɗana wannan a jikinmu. Kana tsaye gaban Ka'aba ba ka san ko mahaifiyarka tana raye ba, sai wani ya hau mota ya fita jihar ya kira ka. Marigayi Buhari ya koma ga Ubangijinsa, Allah ya jiƙansa, hisabinsa ba a hannunmu yake ba. Amma gwamnoni da sanatoci da 'yan majalisar da suka hau a inuwarsa suna nan da ransu, suna cin abinci suna hawa jirgi, kuma ban ji ko ɗaya daga cikinsu ya tsaya gaban jama'arsa ya ce ga abin da na ɗauki alkawari, ga inda na kasa ba.

Sai 2023. Ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, ka tura riyal daga nan ya shiga asusun ƙaninka amma ba takardar naira, mai POS ya yanki rabonsa kafin ya ba shi abin cefane. A cikin wannan yunwar aka fito da taliya da sabulu da atamfa. Aka hau mumbari aka ce tikitin Musulmi da Musulmi ne, zaɓensa taimakon addini ne. Ranar 29 ga Mayu, a wurin rantsuwa, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Cikin 'yan kwanaki litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar da gwamnati take sayarwa wajen 460 ta bi ta kan 1,500 a 2024. Buhun shinkafar da ake saya wajen naira dubu 10 a 2015 ya haura dubu 80 a 2024. Mafi ƙarancin albashi kuwa dubu 70 aka tsayar. Ko buhu ɗaya bai saya ba.

'Yan gida suna ganin mu kakarmu ce ta yanke saƙa, tunda riyal ɗin da yake naira hamsin da 'yan kai a 2015 ya kai wajen 400. Ku tambayi duk mai turawa. Abin da yake riƙe gida wata guda a da, yanzu kafin tsakiyar wata an sake kira. Mu kuma nan ba a kan dukiya muke kwance ba. Ga sabunta igama, wato takardar izinin zama, ga kafil da kake zaune ƙarƙashin sunansa, ga riyal 400 duk wata a kan kowane mutum ɗaya na iyalinka da yake ƙarƙashinka, ga harajin kashi 15 cikin ɗari a kan kusan duk abin da ka saya. Wanda ba shi da takarda kuwa kullum zuciyarsa a hannu, ya fita neman abinci bai san ko a tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora gida, zai kwana ba. Da wannan gumin muke biyan abin da gwamnati ya kamata ta yi. Mu ne kuɗin makaranta, mu ne kuɗin asibiti, mu ne gyaran famfon unguwa, kuma in an ɗauke wani a hanyar gona mu ake fara kira a haɗa kuɗin fansa.

To ga abin da ya sa na ɗauki waya nake rubutu raina a ɓace. Mutanen nan da 'yan gida ba sa iya gani, waɗanda ƙofar gidansu akwai 'yan sanda da karnuka, mu a nan kowace shekara Allah yana kawo mana su har gabanmu. Goman ƙarshe na azumi, in ka shiga manyan otal-otal ɗin da suke ƙarƙashin hasumiyar agogo sai ka rantse majalisa ce ta taso gaba ɗaya. Ba jiniya, ba rakiyar motoci, mutum da jallabiya da silifas. Kuma me muke yi? Muna yin layi. Tun bayan la'asar za ka ga 'yan garinmu sun cika harabar otal, dattawa da furfura, mata da goyo, ana jiran yaron honarabul ya sauko da ambulan. Ya sauko yana danna waya, ko kallon mutane ba ya yi, ya miƙa wa wannan riyal hamsin, wancan ɗari. A ɗaga hannu ana "Allah ya maimaita, Allah ya ja zamaninka." A ɗauki hoto a tura gida. Mutumin da jiya da dare yake yi wa wannan ɗan majalisa Allah ya isa a WhatsApp, shi ne yau yake ture wani don ya shiga hoton.

Da idona na ga wani dattijo ɗan yankinmu, wanda ya daɗe yana tura keken marasa ƙarfi a wurin ɗawafi, ya samu ya matsa kusa da wakilin mazaɓarmu. Ya rusuna ya gaishe shi, ya ce, "Ranka ya daɗe, asibitin garinmu fa har yau ba likita, matanmu a hanya suke haihuwa." Bai rufe baki ba wasu daga cikinmu, ba ma yaran honarabul ba, mu ɗin nan, suka ja shi baya. "Haba Baba, nan wurin ibada ne, ba wurin siyasa ba." Honarabul ya yi murmushi ya ce, "In sha Allahu Baba, in mun koma." Aka cusa wa tsohon riyal ɗari a aljihu. Wannan asibitin na san shi. Matar ƙanina a bayan a-kori-kura aka ɗauke ta da dare zuwa babban gari saboda ba wanda zai duba ta, kuma jaririn bai zo da rai ba. An yi wa ginin fenti sau da yawa, an kafa allo da sunan mai girma, ciki kuwa ba gado mai katifa. Tsohon nan gaskiya ya faɗa, cikin ladabi, kuma mu muka rufe masa baki.

Wai ba wurin siyasa ba. To hoton da suke ɗauka da harami a jiki suna kuka a gaban Ka'aba, a watsa a Facebook da sunan suna yi wa talakawa addu'a, shi mene ne? Ba na shiga tsakanin bawa da Ubangijinsa, Allah ne ya san zuciya. Amma haƙƙin mutane ba ya faɗuwa da ɗawafi, wannan kowane ɗalibin islamiyya ya sani. Malamanmu da kansu suke ba mu labarin yadda aka tsayar da Sayyadina Umar yana kan mumbari aka tambaye shi inda ya samo yadin rigarsa, kuma ya tsaya aka ba da bayani. Ina malaman da suka ce mana a zaɓi wane don addini? Yau da yunwa ta shigo sai ka ji "a koma ga Allah, zunubanmu ne." Mun yarda, muna da zunubi, kuma addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Amma wanda ya tsaya wa mutum shaida ranar neman aure, shi ake nema in mijin ya ƙi ciyarwa. Ku koma kan mumbarin da kuka tallata su ku tambaye su a bainar jama'a.

Kuma kada wani ya ce ba kuɗi. Sanata Kawu Sumaila da bakinsa ya faɗa wa BBC Hausa a 2024 cewa abin da yake shigo masa a wata na tafiyar da ofis ya kai naira miliyan 21. Sanatoci 109 ne, 'yan majalisar wakilai 360. A 2023, ana cewa talaka ya ɗaure ciki, aka saya musu motoci da aka ce kowace ta kai wajen naira miliyan 160. Shekara da shekaru ana ware naira biliyan 100 a kasafi don ayyukan mazaɓu. Tun da aka cire tallafin mai kason da jihohi suke karɓa daga Abuja ya ƙaru sosai, gwamnoni ba su musa ba. Ina yake shiga? Kujerar Hajji da ba ta kai miliyan 3 ba a 2023 ta haura miliyan 8 a 2025. Manomin da ya yi shekaru yana tara kuɗin shanu don ya zo ya ga ɗakin Allah sau ɗaya ya haƙura, su kuma suna zuwa da mata da 'ya'ya da 'yan rakiya duk shekara.

Na san amsar da ake bayarwa: talaka ba shi da yadda zai yi. Akwai gaskiya a ciki. Kiranye yana cikin tsarin mulki, sashe na 69, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu, a tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. An gwada a kan Dino Melaye a Kogi, da aka zo tantancewa a 2018 mutane ba su fito ba, magana ta mutu. Tun 1999 ba ɗan majalisar tarayya ko ɗaya da aka taɓa dawo da shi gida ta wannan hanya. Da matasa suka fito a watan Agustan 2024 suna kukan yunwa, mun ga yara ƙanana da aka kwaso daga Kano da Kaduna suna faɗuwa a kotun Abuja saboda galabaita. Duk wannan na sani. Amma masu cewa "ni na daina zaɓe har abada" su sani hakan ne yake yi wa mutanen nan daɗi. A 2023 mutum sama da miliyan 93 ne suka yi rajista, waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari ba, kuma da ƙuri'a ƙasa da miliyan 9 aka zama shugaban ƙasa. In masu fushi sun zauna a gida, masu taliya ne za su yanke hukunci.

Mu mazauna waje majalisa ta ƙi amincewa mu yi zaɓe daga inda muke, a 2022 ta yi watsi da ƙudurin, alhali 'yan Najeriya na waje suna tura kusan dala biliyan 20 gida a shekara. Kuɗinmu ana so, ƙuri'armu ba a so. Amma wanda yake ciyar da gida ana jin maganarsa a gidan. Yadda aka kira waya a 2015 aka ce sak, haka za a iya kira kafin 2027 a ce kada wanda ya dangwala wa mutumin da ya kasa nuna aikinsa, ko a wace jam'iyya ya ɓuya, ko wane malami ne ya ɗaga hannunsa. A daina duban shugaban ƙasa kaɗai. Ɗan majalisar jiha da shugaban ƙaramar hukuma, waɗanda aka san gidan ubansu, su ne suka fi sauƙin kamawa.

Ban ce a yi hayaniya a Harami ba, ban ce a taru a ɗaga kwali ba. Kowa ya san dokar ƙasar nan, kuma ba na son ko mutum ɗaya ya rasa igamarsa. Abin da nake nema daga shugabannin ƙungiyoyinmu na 'yan jiha da 'yan gari a Makka da Jidda da Madina bai fi ƙarfinsu ba. Ku daina kai mu gaisuwar ambulan. In za a je, a je da takarda: ga asibitin da ba likita, ga makarantar da rufinta ya yaye, ga hanyar da ake tare mutane, ga abin da ka faɗa da bakinka lokacin kamfe. A zaɓi dattijo ɗaya ya karanta masa cikin mutunci, kada kowa ya ja shi baya, kada kowa ya karɓi ko riyal ɗaya a wurin. In ya ce a bari sai an koma gida, a tambaye shi wane wata, a rubuta a gabansa, a tura wa mutanen gari su riƙe.