Dodon Da Ya Kwanta Kan Abin Da Ba Ya Ci

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau gemuna ne ya kama wuta, shi ya sa na ce bari in faɗa, ko wani ya shafa wa nasa ruwa.

Daren Talata bayan Isha'i an ɗauke wuta a unguwarmu nan Daura. Na fito ƙofar ɗaki ina korar sauro da mafici, sai na hangi ɗan ƙanwata da ke zaune a wurinmu ya raɓe jikin bango, haske na dukan fuskarsa. Ashe wayar matata ya ara, ya je shagon masu tura finafinai aka zuba masa wani fim na Turawa, irin wanda ake ɗora wa muryar Hausa. Har na ɗaga murya zan fara faɗa, sai ya ce, "Kawu, don Allah ka ga nan wurin kawai, sai in kashe." Na karɓa da niyyar in samu hujjar ƙwace wayar.

Barade ne a kan dawakai, sulke tun daga wuya har idon sawu, kwalkwali ya rufe fuska sai 'yar kafar gani, dogayen masu a hannu. Dawakan ma an lulluɓe su, kai ka ce 'yan lifida ne a hawan Sallar Gani. Abin da suka fito nema kuwa wani dodo ne mai jikin kada, wuyan maciji, fukafukan jemage, yana aman wuta. Ya ƙone gonaki, ya tashi ƙauyuka. Baraden suka yi ta zubewa a hanya har saura ɗaya, wani saurayi da ya kutsa cikin kogon dutse shi kaɗai. Can ƙurya ya iske dodon yana barci a kan tulin zinariya. Kofuna, sarƙoƙi, kambunan sarakunan da suka mutu, tsabar kuɗi na gangarowa duk numfashin da ya ja kamar an fasa buhun gero.

Nan yaron ya taɓa ni ya ce, "Kawu, shi fa wannan ba ya cin zinariya. Ba ya zuwa kasuwa, ba shi da budurwa balle ya haɗa lefe. To me yake yi da ita?"

Na buɗe baki in ba shi amsa, sai na ji nauyin makullin sito a aljihun rigata. Zan dawo kan makullin nan.

Mu mutanen Daura bai kamata wani Bature ya zo ya koya mana wannan labari ba, don a tsakiyar garinmu yake. Kowane yaro ya san rijiyar Kusugu. Ya san macijin nan da ake kira Sarki, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ya san Bayajidda, baƙon da ya sauka da dare a gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa, ta ce masa ɗan nan ai a garin nan ba a samun ruwa sai Juma'a, ya karɓi guga ya tafi, da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa, ya sare kan macijin. Mun haddace wannan tun muna 'yan firamare, muna alfahari da shi, muna kai baƙi su leƙa rijiyar su sha ruwanta. Amma ni dai, har na yi furfura a gemu, ban taɓa tsayawa na tambayi abin da yaron nan ya tambaya ba. Maciji nawa ne cikinsa? Ruwan da zai sha a shekara bai kai abin da mace ɗaya za ta ɗiba a tulu ba. Kwanciya kawai ya yi a kan ruwan, shi bai sha ba, bai bari an sha ba. Kuma duk sanda aka ba da labarin, kowa a zuciyarsa shi ne Bayajidda. Ban taɓa jin wanda ya ce shi ne macijin ba.

Su ma Turawan da suke shirya irin waɗannan finafinai daga tsofaffin tatsuniyoyinsu suke ɗebowa. Akwai wata ta mutanen arewacin Turai, wadda aka rubuta a tsibirin Aisland a ƙarni na 13, da ta fi ba ni tsoro. A cikinta dodon mai suna Fafnir ba dodo aka haife shi ba. Ɗa ne a gidan ubansa, yana da 'yan'uwa. Zinariya ta shigo gidan, ya kashe uban a kanta, ya hana ɗan'uwansa Regin kasonsa, ya kwashe ta ya shiga daji ya kwanta a kai. Kwanciyar ce ta rikiɗa shi. Regin kuwa maƙeri ne, shi ya ƙera takobi ya ba wani saurayi Sigurd, ya zuga shi ya je ya kashe yayan nasa, alhali a ransa yana shirin in an gama ya kashe saurayin ya gaje dukiyar. Sigurd ya haƙa rami a hanyar da dodon ke bi zuwa shan ruwa, ya ɓuya, ya soke shi ta ciki. Ya gano nufin Regin, shi ma ya sare shi. Ya ɗora zinariyar a kan dokinsa ya tafi, kuma shi ma bai yi kyakkyawan ƙarshe ba. Mutanen da suka fara tsara wannan tatsuniya ba su san Alƙur'ani ba, amma sun lura da abin da duk wanda ya taɓa halartar rabon gado ya lura da shi.

To bar tatsuniya, zo ga maganar da babu ƙarya a cikinta. Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda Allah Ya ba dukiya bai fitar da zakkarta ba, ranar Alƙiyama za a mayar masa da ita ƙaton maciji mai sanƙo, da ɗigo biyu baƙaƙe a saman idanunsa. Zai naɗe masa wuya, ya kama muƙamuƙansa, yana ce masa: ni ne dukiyarka, ni ne taskarka. Sannan ya karanta aya ta 180 a Suratu Ali Imrana, inda Allah Yake cewa masu rowa da abin da Ya ba su na falalarSa kada su zaci alheri ne gare su, sharri ne, za a rataya musu abin da suka yi rowarsa a wuya ranar Alƙiyama. Malamai sun ce sanƙon nan tsabar dafi ne ya cinye gashin kan. Ku dubi yadda abin ya juya. A duniya mutum ne ya naɗe a kan dukiya, a lahira dukiyar ce za ta naɗe a kansa. Kuma a can babu barden da zai shigo da takobi ya raba su.

Akwai wani hadisin a Bukhari da ya yi kama da Kusugu har abin mamaki. Cikin mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar Alƙiyama akwai wanda yake da rarar ruwa ya hana mabuƙaci. Allah zai ce masa: yau zan hana ka falalaTa kamar yadda ka hana rarar abin da ba hannunka ne ya yi shi ba.

Yanzu makulli. A 2023 na koyi wannan sana'a. An cire tallafin mai a watan Mayu, aka yi juyin mulki a Nijar a ƙarshen Yuli, aka rufe iyaka, mu da muke maƙwabtaka da Kwangwalam da Mai'aduwa muka ga yadda farashin hatsi ya riƙa tashi kamar an hura masa wuta. Wanda ya saya da kaka ya ajiye, ya sha romo. Na gani, na ce ni ma ba a bar ni a baya ba. Tun daga nan duk kaka sai in sayi abin da ya samu in kulle. Bana buhu goma sha biyu na gero na jibge a sito, na zuba maganin ƙwari, na sa kwaɗo biyu a ƙofa. Kusan kullum bayan Asuba sai na leƙa na ƙirga su, alhali na san adadinsu.

Mako biyu kafin daren fim ɗin, wata dattijuwa maƙwabciyarmu ta yi sallama. Mijinta ya rasu, jikoki huɗu ne a gabanta, ga shi lokacin marka, rumbuna sun yi ƙasa, sabon gero bai nuna ba. Ta durƙusa daga gefen zaure, abin da bai kamata in bari ta yi ba don ta haife ni, ta ce, "Malam, an ce kana da gero a ajiye. Ka auna mini tiya biyar, in yaron nan ya aiko daga kudu in kawo maka kuɗinka." Ban yi mata ƙarya ba, kuma da wannan na riƙa lallashin kaina. Cewa na yi, "Ai Inna, kayan ba a fasa su ba tukuna, in aka fasa buhu ɗaya lissafin ya rikice." Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "To, Allah Ya sa albarka." Sai da ta miƙe na ga ashe da kwanonta ta zo, ta ɓoye shi cikin mayafi don kada mutanen layi su gani. Haka ta koma da shi a ɓoye. Ni kuma na shiga gida na ci tuwo na ƙoshi, na yi barci har da minshari.

Kada wani ya ɗauka ina cewa ajiyar hatsi haramun ce ɗungurungum. Manzon Allah da kansa yakan ajiye wa iyalinsa abincin shekara. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ya ba mutanen Masar shawarar su yi noma shekara bakwai su bar abin da suka girbe a zangarniyarsa, kamar dai yadda kakanninmu ke jera dammuna a rumbu. Amma Yusuf ya tara ne don ranar da yunwa za ta zo ya buɗe. Ni na tara ina jiran ranar da yunwa za ta zo in ƙara kuɗi. Wanda ya sayi abinci a kasuwa ya kulle, mutane na cikin matsi, yana addu'a a ɓoye kaya su yi tsada, shi ne hadisin Muslim ya ce ba mai ɓoye kaya sai mai laifi. Kowa ya san wace iri ce tasa ajiyar, ba sai an kai shi gaban malam ba.

Da za a tambaye ni wane barde ne ya kashe macijin rijiya ba tare da ya zare takobi ba, zan ce Sayyidina Usman ɗan Affan. A Madina akwai rijiyar Ruma, mai ita yana sayar da ruwan, talakawa na shan wahala. Manzon Allah ya yi alkawarin Aljanna ga wanda ya saye ta ya bar wa Musulmi. Usman ya saya, ya mayar da gugansa ɗaya da gugan kowa. Masu tarihi sun kawo cewa da fari rabi mai rijiyar ya yarda ya sayar, aka yi yau naka gobe nawa. Sai mutane suka riƙa ɗiban ruwan kwana biyu a ranar Usman, ranar ɗayan ba mai zuwa, har ya gaji ya sayar da sauran. Jama'ar da aka ƙayyade wa ranar ɗiban ruwa, ai mun san wannan a Daura.

Abin da ya gudana tsakanina da Inna washegarin daren fim ɗin ba zan rubuta shi a nan ba. A labarin Kusugu ma, da gari ya waye Magajiya Daurama ta yi shelar rabin gari ga wanda ya kashe macijin, sai ga mazaje suna ta fitowa kowa da kan macijin da ya samo, wai shi ne. Facebook ɗin nan cike take da irin waɗannan kawuna, buhu ɗaya hoto goma. Muslim ya ruwaito cewa cikin waɗanda za a fara yi wa hukunci ranar Alƙiyama har da wanda ya yi yaƙi don a ce jarumi ne, da wanda ya yi kyauta don a ce mai kyauta ne. Za a ce musu ai an faɗa, a ja su a kan fuskokinsu zuwa wuta. Allah Ya tsare mu.

Iyaye kuma, magana ɗaya a gurguje. Finafinan nan akwai bokaye da tsafe-tsafe a ciki, wani lokaci har da shigar da ba ta dace ba, kuma ba abin da za a bar yaro da shi shi kaɗai cikin dare ba ne. Na gaya wa nawa cewa sihiri ba wasa ba ne a addininmu, kuma fim ba ya hana sallah. Sai dai da na fizge wayar tun farko kamar yadda na yi niyya, da ban ji tambayarsa ba.

Ba mu ga ƙarshen fim ɗin ba. Saurayin ya kashe dodon, ya cire kwalkwalinsa yana haki, ya tsaya shi kaɗai a kan tulin zinariyar, ba mai ganinsa. Ya sunkuya ya miƙa hannu, sai cajin wayar ya ƙare. Yaron ya buga cinya ya ce, "Kash! Kawu, in an kawo wuta sai mu ga ko ya ɗiba."

Har yanzu ba mu koma kansa ba. Akwai sauran buhuna a siton. Ɗazu da La'asar dillalina ya bugo waya, ya ce, "Alhaji, kada ka kuskura ka saki kayan nan yanzu, ka ƙara haƙuri mako biyu, akwai alamar zai motsa." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma in zai yi mini irin wannan maganar Alhaji yake ce mini. Na ce masa zan yi tunani. Makullin yana nan a aljihuna, gobe kuma kasuwa ke ci.