A bar Gizo ya shiga aji ɗaya

Ranar wata Talata na raka 'yar ƙanwata makarantar firamaren ƙauyenmu a yankin Ringim, na ɗan tsaya ta taga ina leƙen 'yan aji ɗaya. Yara sun haura saba'in, wasu kan benci wasu a ƙasa kan buhu, malam na gaba da tsumagiya yana faɗa suna amsawa da Turanci, wai harafin farko na tuffa ne. Wallahi a cikinsu ban jin akwai biyar da suka taɓa riƙe tuffa a hannu. Suna ta ihu dai, baki na motsi amma ido na waje wajen mai awara.

Da yamma kuma yarinyar nan dai da ta kasa buɗe baki a aji, ita ce na tarar a tsakar gida ta tara ƙannenta tana ba su labarin Gizo da Ƙoƙi, har da canza murya in ta zo kan Gizo tana yin tsamin bakinsa, ba ta tsallake komai ba tun daga "ga ta nan ga ta nanku" har ƙurunƙus. Yarinyar da za ta riƙe labari mai tsawo haka a ka, ta san farkonsa ta san ƙarshensa, ai ba daƙiƙiya ba ce. Abin da ta zo da shi daga gida ne aka ce ta ajiye a bakin ƙofar aji.

Abin da ke damuna kenan. Ɗalibanmu da ke karatun NCE, wato takardar shaidar malanta, a Gumel ko Kumbotso, musamman 'yan sashen Hausa, ana koya musu adabin baka, sun san tatsuniya da kacici-kacici da waƙoƙin gaɗa, suna rubuta jarrabawa a kai su ci. To amma da yawa in sun karɓi satifiket sun shiga aji sai abin ya zama tarihi, a ganinsu tatsuniya aikin kaka ne da daddare, malami mai aji ba zai zauna yana Gizo-Gizo ba. Iyaye ma wasu haka suke gani, in yaro ya dawo ya ce yau tatsuniya aka yi mana sai uban ya ce wato wasa kuke zuwa yi kenan.

Alhali karatun boko da Hausa da labari ya kafu. Gasar rubutu da Hukumar Talifi ta shirya a Zariya a 1933 ƙarƙashin Rupert East, dalilinta kenan, a samu abin karantawa mai daɗi ga waɗanda suka koyi boko. Magana Jari Ce da Abubakar Imam ya rubuta, wanda ya fara fitowa a 1937, don 'yan makaranta aka yi shi, kuma tambayi duk dattijon da ya yi elemantare, zai manta lissafin da aka koya masa amma ba zai manta akun da ke cikin littafin ba. Daga baya Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tatsuniyoyi da wasanni ya mayar da su littattafai don yara. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ma cewa ta yi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko na firamare. Wato ba sabon abu nake kawowa ba.

Na san za a ce ina littattafan? Gaskiya ne, a makarantu da yawa na karkara littafi ɗaya ma na malam ne, wani wurin kuma suna kulle a kabad ɗin hedimasta don kar yara su yaga. Wannan laifin hukuma ne kuma dole a ci gaba da yi mata magana. Amma akwai abin da alli da allo kaɗai sun isa. Na ga wata malama a wani ƙauye kusa da mu, ita kullum kafin tashi sai ta ce wa zai ba mu ƙulin ƙulifita? Yaro ya miƙe ya ce shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya, aji ya ɗauka tsintsiya! Sai ta rubuta maganar a allo da manyan baƙaƙe, ta sa yatsa tana bi kalma-kalma suna karantawa, ta ce wa zai nuna min inda aka rubuta "shanu"? Ka ga hannaye sama, har da masu rarrafowa gaba. Yaron da ya kawo kacici-kacicin kuwa ranar ba mai taɓa shi, maganarsa ce a allo. Haka take yi da zancen kwaɗo da ƙato da suka tafi neman ƙoto, da shi take raba musu k da ƙ, suna dariya harshe na sarƙewa, kuma ya zauna.

Dalilin da ya sa yake aiki ba ɓoyayye ba ne, yaro ya riga ya san maganar da ma'anarta, aikin da ya rage masa ɗaya ne, ya gane yadda take a rubuce. In ka ba shi Turanci ranar farko kuwa ka ɗora masa kaya biyu, baƙon harshe da baƙon rubutu, sai ya koma haddar da bai san kanta ba. Turancin zai zo, ba wanda ya ce a yar da shi, kuma wanda ya iya karanta Hausa ya fi saurin kama shi.

Sannan wani abu, tatsuniyar kanta tana ja baya a gidaje, yanzu bayan isha'i yara wajen mai cajin waya suke taruwa kallon fim. Don haka masu duba malamai daga ƙaramar hukuma in sun zo zagaye su riƙa tambaya ko an karanta wa yara labari a makon nan, kwalejoji kuma kar su sallami ɗalibi daga koyon aikin koyarwa sai an ga ya tsaya gaban 'yan aji ɗaya ya ba da tatsuniya ya rubuta ta a allo. Tsofaffin matan garin ma a gayyato su, ko ranar Alhamis ce, malam ya riƙe alli Iya ta ba da labari.