Kwastoman Ƙarfe Biyun Dare

Wata uku da buɗe kantina na intanet, inda nake sayar da jakunkuna da takalma, cinikin da na yi bai cika yatsun hannu biyu ba. Mai shago a bakin hanya ko ba a saya ba yana ganin wanda ya leƙo, da wanda ya ɗaga kaya ya yatsina fuska ya ajiye. Ni kuwa kamar wanda ya kasa kaya a ɗaki mai duhu ya koma waje yana jira.

Ƙanwata da ke karatun kwamfuta ce ta ce, "Yaya, ka sa Google Analytics mana, kyauta ne. Zai nuna maka mutum nawa suka shigo, ta ina suka biyo, da irin wayar da ke hannunsu. Bari na gama jarrabawa na zo na saka maka."

Yarinyar da aka haifa a gabana ce zan zauna jira? Na nemo bidiyo a daren. Na yi awa biyu ina laluben maɓallan da mai bayanin ke nunawa ban gan su ba, ashe tsohon samfurin yake koyarwa, wanda ya daina karɓar bayanai tun 1 ga Yulin 2023. Da ƙyar dai na samo 'yar lambar da ake liƙawa a shafi, na liƙa ta a sama. Na duba rahoto, fayau. Ban san cewa manyan rahotannin kan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin su cika ba, sai na sake saka lambar a wani akwati da manhajar kantin ta tanada, wai don a tabbata.

Kwana biyu bayan nan, abin nema ya samu. Layi ya miƙe sama kamar hayaƙi. Abin da ya fi faranta min rai shi ne alƙaluman masu leƙowa su juya nan take: kusan sifili. Wato duk wanda ya taka kantina sai ya zauna. Na kira matata na nuna mata. Ta kalli allon, ta kalle ni, ta ce, "To Maigida, ina kuɗin?" Na ce mata harkar intanet ba a yi mata gaggawa.

Akwai wani shafi da ke nuna waɗanda suka shigo cikin minti 30 da suka wuce, har da taswira. Wannan shafi shi ya raba ni da barci. A nan na gano mutumin. Ƙarfe biyun dare in na farka, sai na buɗe kantin a waya na ga ko komai na zaune daidai, sannan na leƙa rahoto, sai na tarar da mutum ɗaya a ciki. Kullum. Garinmu ɗaya, wayarmu iri ɗaya, kuma baƙar jakar nan da na fi so ita yake tsayawa kallo. Na ce lallai wannan ya san kaya, kuɗi ne kawai bai haɗa ba. Har tausayinsa na fara ji. Saboda shi na ƙirƙiro wani jan allo mai ɗauke da "Rangwame ga amintattun kwastomominmu", na sa ya manne a ƙasan kowane shafi, duk inda mutum ya je yana biye da shi.

Sai kuma Jamus ta bayyana a taswira. Ziyara huɗu, biyar a rana, duk da yamma. Nan kaina ya fashe. Na fara tambayar yadda ake aika kaya ƙasar waje, na sa manhajar fassara ta juya min sunayen takalma zuwa Jamusanci, na kuma ƙaro kaya katan biyu da kuɗin da matata ta ce kada a taɓa. Ko da Umma ta kira, na ce mata ta taya ni addu'a, Turawa sun gano ni.

Ciniki kuwa, wanda da yake ɗigowa jefi-jefi, ya tsaya cak. Ban damu ba, don na karanta cewa cibiyar Baymard ta ƙiyasta kusan kashi 70 cikin ɗari na kwandunan da ake cikawa a kantunan intanet barin su ake yi ba a biya ba. Na ce ashe ciwon na kowa ne.

Ranar da ƙanwata ta zo, na ajiye mata kwamfuta a gaba ina jiran yabo. Ta yi shiru kamar minti biyar, sai na ga kafaɗunta na rawa.

"Yaya, sau nawa ka saka lambar?"

Na ce sau biyu, don ƙarin inganci.

Ta ce to duk shafin da aka buɗe sau ɗaya, sau biyu ake rubutawa. Shi kuma tsarin yana ɗaukar ziyara a matsayin mai armashi ne idan mutum ya wuce daƙiƙa 10, ko ya yi wani muhimmin abu kamar saye, ko ya buɗe shafi biyu. Tunda ni na ninka komai, wanda ya faɗo bisa kuskure ya fice a daƙiƙa uku ma an rubuta masa shafi biyu. Sifilin nan da nake taƙama da shi, da hannuna na ƙera shi.

Na ce to ai ga amintaccen kwastomana na dare. Ta ce in ba ta wayata. Ta buɗe kantin da ita, ta juyo min allon kwamfutar: mutum ɗaya. Ta ce, "Ka gaishe shi, Yaya."

Wallahi sai da na waiga.

Ba a nan ta tsaya ba. Sabbin maziyartan da nake murna da su, yawancinsu ni ne a burauzar sirri, wadda nake buɗewa don na ga yadda baƙo ke ganin shafin. Tana goge kukis, wato 'yan alamomin da shafi ke ajiyewa a burauza don ya gane wanda ya taɓa zuwa, da zarar an rufe ta, don haka kowace shiga sabon mutum nake zama. Wata ziyarar da ke zuwa sau uku a rana ba fashi kuwa, waya ɗaya muka buga muka gano mai ita. Umma ta ce, "Ni ce mana. Ba kai ka ce lambobi ake so su hau ba? Na sa jikana ya saka min abin a waya, ina shiga don a ga kanti da jama'a."

Jamus fa? Ɗana ne. Ya kunna VPN, manhajar da ke sa a ga kamar daga wata ƙasa mutum ke shiga intanet, a kwamfutar hannu ta gida don wasansa, ni kuma da yamma da ita nake duba kantin. Bajamushen da na sayo wa katan biyu na takalma yana zaune a kujerata, sanye da singileti.

Da aka tsame ni, da Umma, da Jamus, abin da ya rage ɗan kaɗan ne, amma mutanen gaske ne. Ta buɗe wani rahoto da ban taɓa kulawa da shi ba saboda layinsa ƙasa yake yi: matakan saye, daga kallon kaya, zuwa sakawa a kwando, zuwa fara biya, zuwa kammalawa. Masu waya suna kaiwa mataki na uku, daga nan ba a sake jin ɗuriyar ko ɗaya. Ta ce, "Ka taɓa gwada sayen wani abu a kantin nan da waya?" Na ce wa ke sayen kayansa? Ta gwada a gabana. Maɓallin biyan kuɗi yana can ƙasan allo, jan allon rangwamena ya zauna a kansa daram. Mako uku mutane na zuwa da kuɗinsu ina tare musu ƙofa, don na karrama kaina.

Ta cire allon, ta cire lamba ɗaya, ta saka adireshin IP na wayfai ɗin gidanmu, wato lambar da ake gane shi da ita a intanet, a matatar da ke ware ziyarar masu kanti. Ta gargaɗe ni cewa matatar ba ta wanke abin da ya wuce, kuma in na shiga da datar waya ba lallai ta gane ni ba, don adireshin yana sauyawa. Umma kuma aka roƙe ta ta bar mu da addu'a kawai.

A daren na rantse ba zan buɗe kantin ba, rahoto kaɗai zan leƙa. Ƙarfe biyu da 'yan mintuna: mutum ɗaya. Na duba wayata, ba ni ba ne. Kwamfutar hannu tana kashe a falo. Ya buɗe baƙar jaka. Ya saka ta a kwando. Ya fara biya! Na tashi zaune, na riƙe numfashi.

Sai na ji murya daga cikin bargo, ɗan haske na fitowa ta gefensa: "Maigida, wai ina rangwamen nan ya tafi ne? Jiya na gan shi."