Fisher na iya tafiya Las Vegas da ƙungiyarsa, amma ya kamata ya bar wa Oakland tarihinta

A watan Yunin 2025 aka aza harsashin sabon filin wasan besbol a Las Vegas, a wurin da otal ɗin Tropicana yake kafin a rushe shi. Nan John Fisher, mai ƙungiyar Athletics, yake son ya tare a 2028, bayan jihar Nevada ta amince ta zuba har dala miliyan 380 na kuɗin jama'a a aikin. Tashin da ya yi da ƙungiyar daga birnin Oakland na jihar California ya riga ya zama tsohon labari. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya yanzu shi ne yadda masu kare shi suke maganar tarihin ƙungiyar kamar kayan ɗaki, wanda za a loda a mota a sauke a sabon gida.

To wane tarihi? Mu ɗauki 1989. Athletics ta haɗu da maƙwabciyarta San Francisco Giants a World Series, jerin wasannin ƙarshe na cin kofin besbol na Amurka. Ranar 17 ga Oktoba, ana dab da fara wasa na uku, girgizar ƙasa ta afka wa yankin, mutum 63 suka rasu. Mafi yawansu a Oakland suka mutu, inda gadar Cypress mai hawa biyu ta rufta kan motoci. An dakatar da gasar kwana goma. Dave Stewart, mai jefa ƙwallo na Athletics, haifaffen garin, ya riƙa zuwa wurin da gadar ta faɗi yana ƙarfafa wa masu aikin ceto gwiwa. Da aka dawo, Athletics ta gama da Giants wasa huɗu ba ko ɗaya, kuma Stewart ne gwarzon gasar. Wa zai tsaya a Las Vegas ya ce wannan nasara tasa ce? Da makokin Oakland aka ci kofin nan.

Haka Rickey Henderson, shi ma ɗan wasan Athletics. A Oakland ya tashi, a makarantunta ya koyi wasa. Gwaninta tasa ita ce satar tasha, wato ya ruga daga wata tasha zuwa ta gaba kafin abokan hamayya su ankara su tare shi da ƙwallo. Sau 130 ya yi haka a 1982 kaɗai. Ranar 1 ga Mayun 1991 ya kafa tarihi da sata ta 939, ya wuce Lou Brock mai riƙe da tarihin a lokacin, ya tuge tashar daga ƙasa ya ɗaga ta sama a gaban mutanen garinsu. Shi da Stewart ne suka yi jifan buɗe wasan bankwana a Coliseum, filin ƙungiyar a Oakland, ranar 26 ga Satumbar 2024, ranar da 'yan kallo sama da dubu 46 suka cika fili, wasu suna miƙa kofuna da robobi ma'aikata na zuba musu ƙasar filin. Ko wata uku ba a yi ba Henderson ya rasu yana da shekara 65.

Ga kofuna uku a jere na 1972, 1973 da 1974, zamanin Reggie Jackson da Catfish Hunter. Ga wasa 20 da suka ci a jere a 2002, wanda na ƙarshensu sai da suka zubar da ratar 11 da ba ko ɗaya kafin Scott Hatteberg ya buga ƙwallon da ta raba gardama.

Masu kare Fisher suna cewa ai mutanen Oakland ne suka daina zuwa kallo. Wannan magana rainin hankali ce. A 2022 ya sayar da Matt Olson da Matt Chapman da sauran zaratan 'yan wasa, ya tsawwala kuɗin tikiti, ya bar filin yana lalacewa. A 2023 ƙungiyar ta sha kashi sau 112. Mutum ya kori jama'a da hannunsa, sannan ya nuna kujerun da babu kowa ya ce ga hujja! Kuma da magoya baya suka ga dama, ranar 13 ga Yunin 2023 kusan dubu 28 suka cika Coliseum sanye da korayen riguna, suna kiran Fisher ya sayar da ƙungiyar. Ko kallonsu bai yi ba. A watan Nuwamba sauran masu ƙungiyoyin MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, suka amince da tashin, babu ko ɗaya da ya ce a'a.

Wasu kuma su ce ai daga Philadelphia ƙungiyar ta fito, ta bi ta Kansas City kafin ta zo Oakland a 1968. An zalunci garuruwa biyu a baya, shi ya halatta zaluntar na uku? Kar a manta, garin nan ya rasa ƙungiyar ƙwallon kwando ta Warriors a 2019, ya rasa Raiders ta ƙwallon Amurka a 2020, wadda ita ma Las Vegas ta nufa.

Yanzu Athletics tana zaman haya a West Sacramento, a filin ƙaramar ƙungiya da ke ɗaukar kimanin mutum dubu 14, ta goge sunan Oakland daga jikinta, amma tana riƙe da launin kore da ruwan zinariya da kofunan da aka ci a can. Masu bin ƙwallon Ingila sun san yadda aka yi da Wimbledon ta koma Milton Keynes: magoya baya suka matsa lamba har a 2007 aka mayar da kayan tarihin kulob ɗin gundumar Merton ta Landan, inda ya fito. Ya kamata hukumar MLB ta tilasta wa Fisher ya yi haka. Ya bar wa Oakland kofuna huɗun nan da launukan da lambar rigar Henderson ta 24, ya nemi wani suna a Las Vegas ya fara nasa daga farko.