Fuskar da Anne Noggle ta ƙi ɓoyewa

Jiya da dare na daɗe ina kallon hotunan wata Ba'amurkiya mai suna Anne Noggle, har barci ya ƙaurace mini. An haife ta a 1922. Ta tuƙa jirgin soja lokacin yaƙin duniya na biyu, daga baya ta yi aikin feshin maganin ƙwari a gonaki da jirgi, har ciwon huhu ya kama ta. Sai da ta kusa shekara 40 ta shiga jami'ar New Mexico ta koyi ɗaukar hoto. Mahaifiyarta da tsofaffin matan da ke kewaye da ita ta riƙa ɗauka, sannan ta juya kyamarar kanta.

A 1975 aka yi mata tiyatar ɗaure fatar fuska. Ita ma tamoji ya dame ta kamar kowace mace, ban ga laifinta ba. Amma maimakon ta shige ɗaka sai ta warke, ta ɗauki kanta idanu a kumbure, ga ɗinki a fili. Ba ta nemi tausayin kowa ba. Tana kallonka ido cikin ido.

Nan ne abin ya taɓa ni. In wani ne ya ɗauki tsohuwa hoto, ko dai ya mai da ita abar tausayi, ko ya goge shekarunta. In ita ce ke riƙe da kyamarar, ita ke zaɓar abin da za a gani. Jo Spence, wata mai ɗaukar hoto 'yar Ingila, ita ma haka ta yi bayan an gano tana da sankarar mama a 1982, ta ci gaba da ɗaukar jikinta har rasuwarta a 1992.

Mu kuwa a gidan biki mai hoto yana shafe fuskoki har ka kasa bambanta uwar amarya da ƙawayen amarya, mu biya shi muna godiya. Wallahi wannan asara ce. Kakata ta rasu ba mu da hotonta sai na katin shaida, kuma abin da nake marmarin gani shi ne tsagar kumatunta yadda ta nutse cikin tamoji, da hannayenta masu lalle.

Yau da safe na miƙa wa Inna wayata, na nuna mata inda za ta danna. Ta gyara ɗankwali, ta matsa bakin taga inda haske yake, ta ce in fita in ba ta wuri.