Ƙofar da Allah bai bar ta a buɗe ba

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Daren jiya sanyin Jos ya hana ni fita bayan isha'i, sai na rakuɓe jikin kaskon garwashi ina jin ƙanwata tana bitar darasin bayoloji. Batun tantanin da ke lulluɓe da kowace ƙwayar halitta ta jikinmu take yi. Na ce, "Ke auta, ja a hankali, ni ma in tsinta."

Ninki biyu ne na maiƙo, siriri ƙwarai, sai an jera kusan 10,000 kafin su kai kaurin silin gashi. Amma duk sirantarsa ba kowa yake bari ya wuce ba. Iskar oksijin tana ratsa shi babu sallama. Sukari kuwa yana da ƙofarsa daban, a tsoka ma galibi sai insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, ya yi masa iso. Akwai kuma wani ɗan famfo a jikin tantanin, wanda Jens Skou na ƙasar Denmak ya gano a 1957, yana fitar da ƙwayoyin sinadarin sodiyam 3 ya shigo da na fotasiyam 2. Kana barci yana yi, kana sallah yana yi, kuma da ƙarfin abincin da ka ci yake wannan wahala. Subhanallah!

Abin da ya fi tsaya mini a rai: a saka jar ƙwayar jini cikin tsurar ruwa, sai ta yi ta sha har ta kumbura ta fashe. Ruwa fa, ba guba ba.

To mu zukatanmu wa ke gadinsu? Gulma ta shigo ta WhatsApp, bidiyon tsiraici ya biyo baya, a turo maka muryar wani yana zagin malamai ka saurara har ƙarshe, wai don ka san abin da ake ciki. Ko labarai na halal ɗin ma mun sha har ba mu gane abin da liman ya karanta a asuba. Alhali a Suratul Isra'i, aya ta 36, Allah Ya gaya mana ji da gani da zuciya duk za a tambaye mu a kansu.

Ina cikin wannan tunani auta ta ce, "Yaya, wayarka tana ta ƙara." Na duba, zauren 'yan ajinmu ne, an sa wani bawan Allah a faranti tun magariba. Da kunya na ga har da dariyata a ciki. Na goge, na fice daga zauren, na ce mata ta ci gaba da karatu.